Tsohon Firji da 'Yan Kunne

Ta shigo rumfar walda riƙe da zanen injin ƙyanƙyasar ƙwai da ta daɗe tana mafarkin ƙerawa. Mai Walda bai kalli zanen ba, kunnuwanta ya kalla.

"Injiniya, ina 'yan kunnenki?"

"Suna jaka, yau zan sayar. Sabon ƙarfe nake so, kada injina ya fito kamar tarkace."

Sai ya yaye wani buhu a lungu. Tsohon firji ne, ya huda bayansa ya ɗaura fankar kwamfuta, ga ƙwan fitila biyu daidai inda ta zana su a zanen da ta taɓa nuna masa.

"Gwajin farko ba a yi masa kwalliya," ya ce. "In ya ƙi aiki, kayan bola muka rasa. In ya yi, sai a sayi ƙarfen."

Ta buɗe ƙofar, wani ɗumi mai daɗi ya bugi fuskarta. Ta daɗe hannunta na ciki.

"Nawa ne ladan aikinka?"

Mutumin da tartsatsin wuta ba ya sa shi ƙiftawa, yau ga shi ya kasa ɗaga ido, sai murza safar hannu yake yi.

"Ba kuɗi nake so ba. Izini nake nema in je in gaida Abbanki."

Ta ciro 'yan kunnen ta maƙala ɗaya bayan ɗaya, ba ta yi sauri ba ko kaɗan.

"To ka wanke hannu tukuna. Abba ba ya son baƙin mai a kujerarsa."

Kafin ta rufe baki, ya riga ya ɗauko sabulu.