Golan Aro

Gola na huɗu ke nan da koci Merv ya gwada tun da sanyi ya shigo. Na farko tsoron ƙwallo yake yi. Na biyu 'yan kallo suka raɗa masa suna Rariya. Na uku ya bi budurwarsa birnin Calgary ko sallama babu. Merv baƙo ne a garinmu, daga lardin Ontario aka ɗauko shi ya gina ƙungiyar hoki, wasan da ake kora ƙwallo da sanda a kan ƙanƙara, kuma kullum maganarsa ɗaya ce: "Ku samo mini mutum guda da zan amince wa a bakin raga, sauran aikin ku bar mini."

Da gola ya gagara, sai haushin ya koma kan masu kai hari. Ranar wasan ƙarshe ya tare Colby, ɗan gari da ya daɗe bai ci ƙwallo ba.

"Yau ka zura ɗaya, ko ka kwashe kayanka. Na gaji da labarin wai kai gwani ne a kan daskararren tafkin bayan gidanku."

"Zan ci, koci."

"Haka Rariya ya ce zai tare."

Ana tsakiyar wasa golan baƙi ya gurɗe gwiwa. Na biyunsu ya shigo, bai jima ba ƙwallo ta same shi a maƙogwaro, shi ma aka fitar da shi. A dokar gasar, kowane fili yana ajiye golan ko-ta-kwana cikin 'yan kallo, duk ƙungiyar da ta rasa sai ta are shi, ta gida ce ko ta baƙi. Merv bai taɓa tambayar wanda aka ajiye a namu ba.

Sai ga mutum ya fito cikin rigar baƙi, da tsofaffin kayan kariya na fata, furfura na leƙowa ta ƙeyar kwalkwali.

Merv ya tuntsire da dariya. "Daga gidan tsofaffi suka aro wannan? Yara, banza ta faɗi!"

Ba wanda ya taya shi.

"Orest ne," in ji wani ɗan wasa, murya ƙasa-ƙasa. Colby ya sunkuyar da kai yana murza sandarsa.

Dattijon ba ya tsalle, ba ya birgima. Kafin a buga ya riga ya isa wurin. In Colby ne ya taho kuwa, sai ka ce an raɗa masa a kunne. Dariyar Merv ta ɗauke. Yana ta cewa, "Wannan yana garin nan, nake ta yawon neman gola?"

Dab da tashi aka taɗe Colby, alƙali ya ba da fenariti. Wata mata a layin gaba, sanye da rigar ƙungiyarmu, ta miƙe ta fice ba ta waiwaya ba.

Colby ya taho shi kaɗai. Ya yi kamar zai bi hagu, ya ɗaga ƙwallo sama ta dama. Hannun dattijon na can yana jira.

Da aka tashi, Colby ya zo wucewa. Merv ko kallonsa bai yi ba.

"Ka ji abin da na ce ɗazu. Bar rigar a ɗaki."

Sannan Merv ya faɗa kan ƙanƙara da takalmin gida, ba na wasa ba, yana zamewa, har ya isa bakin raga.

"Dattijo, shekarunka ba su dame ni ba. Kai nake nema! Mutumin da ba ya yi wa kowa kyauta!"

Orest ya cire kwalkwalin. Hawaye sun jiƙa masa gemu. Ba Merv yake kallo ba, ƙofar da Colby ya bi yake kallo.

"Tun yana ɗan ƙarami a kan tafkin bayan gidanmu ban taɓa bar masa ɗaya ba," ya ce. "Yau Allah ya sani na so in bari, hannun ne ya ƙi. Ka samu golan da kake nema, koci, ni kuma bari in je in taya ɗana kwashe kaya."