Hannun da Ya Daina Jin Wuta

Malam Sabi'u, ɗazu na wuce ta tagar ajinka kana yi wa 'yan ajin ƙarshe bitar Bayoloji. Na ji da kunnena kana ce musu cututtuka masu yaɗuwa babi ne daban, jijiyoyi babi daban, gado ma babi daban, su haddace su juye a takarda, in an fito jarrabawa su huta. Wallahi raina ya ɓaci. Ja kujera ka zauna, ƙanena, in ba ka misalin yadda babi ukun nan suka haɗu a hannun mace ɗaya.

A wani ƙauye an yi wata maginiyar tukwane wadda idonta ke kan yatsunta. In ta zura hannu cikin ɗanyar randa ta shafa, ta san inda ya yi kauri da inda zai tsage a wuta. Tun rasuwar mijinta take zaune gidan yayanta, kuma da wannan hannu take ci take sha. Wata rana tana wanka sai ta ga wani tabo fari-fari a damtsenta, ba ƙaiƙayi, ba ciwo. Ta tsira masa ƙaya, ba ta ji komai ba. Da ta nuna wa yayan sai fuskarsa ta sauya, don kuturta ce ta nakasa kakarsu, kuma ya daɗe yana fama garin ya manta da zancen. Ya ce mata, "Rufe abinki. In maganar nan ta fita za a ce a jininmu take. Babu mai ƙara neman aure a gidan nan, babu mai shan ruwan randarki." Ta koma sa riga mai dogon hannu. Ana nan sai ma'aikatan lafiya suka zo garin duba fata. Aka kewaye musu wuri da zana, duk mai tabo ya shiga ya tuɓe, a rufe masa ido a taɓa wurin da auduga, in bai ji ba a ɗora shi kan magani, kyauta. Ka san abin da mutumin nan ya yi? Da sassafe ya tura ta fadama ɗibar yumɓu, ya ce kada ta dawo sai motarsu ta tashi. Da aka tambaye shi ya ce gidansa kowa lafiya lau. Magani ya tako har ƙofar gida, yayan ya kore shi don kada a yi da shi a dandali.

Ita kuwa ƙwayar cutar ba ruwanta da sunan gida. Tana nan a kwance cikin jijiyar da ke kai saƙo daga yatsu zuwa ƙwaƙwalwa, tana ci a hankali kamar gara a azara. Tukwanen matar suka fara fitowa gefe da kauri gefe da sirantaka, tana shafawa ba ta ganewa. Ranar da ake gashin tukwane ta sa hannu ta ɗauko wata daga cikin toka, ta riƙe tana dubawa. Matan da ke gefe ne suka ji ƙauri suka yi ihu, ita ko a jikinta. Wutar ta yi aikinta, fata ta aika saƙo, amma hanyar ta riga ta yanke. Ƙuna ta zama gyambo, gyambo ya ci ƙashi, ita kuma tana ta aiki da hannun don ba ya mata ciwo. Sai da aka kai haka yayan ya yarda aka kai ta asibiti. Magani ya kashe cutar sarai, amma jijiyar da ta mutu ba ta tashi, yatsun da suka tafi ba su dawo ba. Abin da ke ƙara ƙona min rai, ba a jima ba tabo ya fito wa matar yayan, wadda ba ta haɗa jini da su ko ta wajen kakan kaka ba. Ba gado ba ne, zama ne da numfashi ɗaki ɗaya da wadda aka hana magani. Matarsa kam da gudu ya kai ta, ta warke da yatsunta goma cif. Maginiya tana zaune a ƙofar gida, hannuwa a cinya, kowa ya wuce ya gani. Sirrin da a da hannun riga ke rufewa, yanzu ko bargo ba zai rufe shi ba.

To ka gani. Da a gidan nan akwai mutum ɗaya da ya san ƙwayar cuta ke kawo kuturta, ba jinin kaka ba, ya kuma san tabon da ba ya jin ƙaya jijiya ce ke neman agaji, da har yau ana shan ruwan sanyi a randar matar nan. Yaran da ke gabanka gidaje irin wannan za su koma, wasunsu su za su zama yayyen. Ka koya musu yadda in sun ga tabo za su ɗaga hannun riga, ko da duk gidan zai yi fushi da su. Hausawa sun gama magana da suka ce, ranar wanka ba a ɓoyon cibi.