Ranar da Aka Ƙona Sha-Ka-Tashi

Wutar ta kama kwalayen tun kafin jandarman ya gama zuba musu isansi, wato fetur. Kwalabe suka shiga fashewa tas-tas, jan ruwa yana malala cikin rairayi a bakin kasuwar Agadas. Sha-Ka-Tashi ke nan, maganin da aka ce yana warkar da zazzaɓi da shawara da ciwon sukari, kai, har da rashin haihuwa. Hukuma ta ce guba ce, a ƙona ta duk inda aka gan ta.

Bahago baduku ko kallon wutar bai yi ba. Idonsa na kan Mourtala mai talla, wanda ke durƙushe gefen motar jandarmomi, hannuwa ɗaure ta baya. Da zarar an jefa shi cikin motar nan, shi ke nan, Bahago ba zai ƙara samun sa ba.

Kowa a kasuwar ya san abin da ya samu Bahago. Yana Ingal wajen sayen fata zazzaɓi ya kama ƴarsa Nafi. Matarsa Rabi ta tsayar da Mourtala a ƙofar gida, ta sayi kwalba ɗaya. Kafin uban ya dawo an rufe yarinyar. Tun ranar nan ba wanda ya ƙara ganin haƙorinsa.

Shi ya sa mutane suka dare suka ba shi hanya. Ya taho da ƙaramar gudumar da yake buga fata da ita, a ɓoye cikin hannun riga, yatsunsa jawur da rinin karan dafi.

"Don Allah ku daina dukana!" Mourtala yana kuka, majina har baki. "Wallahi ni talla kawai nake. Ku kai ni, zan faɗi komai!"

Sai ya ɗaga kai ya ga Bahago. Wawan, har fuskarsa ta ɗan saki.

"Bahago, kai dai ka san..."

Gudumar ta sauka a muƙamuƙinsa. Ƙarar ta fi ta kwalaben. Bahago ya ƙara masa, ya kuma ƙarawa, duk a baki, haƙora na zuba cikin ƙasa kamar tsabar masara. Mata suka fasa ihu. Sai da ƙarti uku suka danne shi, wani jandarma ya sauke masa gindin bindiga a tsakiyar baya, sannan gudumar ta faɗi.

Aka kwashi Mourtala sai gidan likita, ba ya ko motsi. Jama'a kuwa suka yi caa a kan jandarmomin: "Ƴarsa aka kashe! Ku sake shi!" Babban nasu ya dubi yawan taron, ya dubi fuskar Bahago sharkaf da hawaye, ya ce ya je gida, za a neme shi. Hawayen na gaske ne, wannan kam babu ƙarya.

A zaure Rabi ta tarbe shi, labari ya riga shi isowa. Ta kama hannunsa mai jini ta manna a goshinta. "Allah ya saka maka, malam. Yau zuciyata ta yi sanyi."

Bai iya dubanta ba. Ya wuce ɗakin rini da bai taɓa barin ta shiga ba, ya sa sakata, ya janye fatun da ke rufe da babbar randa. Ya durƙusa ya fara kwarara jan ruwan da ke cikinta a rami, randar da ya cika wa Mourtala kowace kwalba daga cikinta, har da wadda Nafi ta sha.