Fiton Salansa

Dogo ya kashe babur tun daga bakin layi, ya turo shi da hannu har ƙofar shagon. Ƙaton babur ne mai faɗin kujera da dogon kai, irin na masu cin doguwar hanya ranar hutu. Kafin ya kafe shi, rigarsa ta jiƙe sharkaf.

Sati shida babur ɗin yana lulluɓe da tamfol a garejin gidansa. Sati shida tun ranar da ya shawo kwanar kasuwa a guje da tsakar rana, ya ji ya bugi mutum, ya ji wani ƙarfe yana gangarawa a kan kwalta. Bai waiwaya ba. Salansar ta gogi gefen titi ta tsage, daga nan kuwa da ya murɗa totur sosai sai ta saki wani siririn fito, kamar butar shayi ta tafasa. Washegari rediyo ta ce mace ce ya buge, kuma ta rasu. Ba wanda ya ga lamba. Fiton kawai mutane suka ji.

A duk garin, wannan shago ne kaɗai yake sayar da kayan irin babur ɗinsa. In ya rabu da salansar nan yau, ya rabu da shaidar da ta rage.

Mai shago ya fito, dattijo mai tabarau, rigar aikin ta ɗan yi masa yawa a kafaɗa.

"Salansa nake so, Baba. Sabuwa, wadda za ta ƙara masa ƙarfi."

"Ka zo gida, yallaɓai."

Dattijon bai yi sauri ba. Ya jera guda uku a kan tebur, yana duba rubutun jikin kwali kafin ya yi bayanin kowacce. Ta farko baki kawai ake canjawa, murya ta yi kauri amma ƙarfi yana nan yadda yake. Ta biyu tana haɗe bututu biyu su zama ɗaya, ita ce mai jan babur a hawa, sai dai dole a sake saita mai. Ta uku miƙaƙƙiya ce, ba komai a cikinta.

"Wannan maƙwabta za su tsine maka, kajinsu ma su daina ƙwai. Ƙara ce kawai, a ƙaramar giya babur sai ya yi sanyi."

Dogo ya yi dariyar dole. "Ta biyun. A ɗaura yanzu."

"Sai na auna."

Ya zaro tef mai laushi daga wuyansa, ya durƙusa, ya zagaye bututun da shi, ya yi ɗan layi da farin alli. Yatsunsa suka bi jikin salansar a hankali har suka tsaya a kan tsagar. Farcensa tas, ba ɗigon baƙin mai.

"Faɗuwa ka yi?"

"Ƙofar gareji ce."

"Ƙofa ba ta da kirki."

Dogo ya kau da kai. Ya kalli tayoyin da aka rataye, da sifanoni a jere, da wata kular abinci mai lotsattsen murfi a kan kanta. Daga ɗakin ciki, bayan labule, ana ta buga guduma.

"Ka daɗe a sana'ar nan, Baba?"

"Ban daɗe ba. Amma kunnena yana aiki." Ya miƙe, ya karkaɗe gwiwa. "Tayar da shi."

"Na tayar? Ai cirewa za ka yi."

"Ba na cire tsohuwa sai na ji muryarta. Da ita ake gane abin da inji yake so. Duk wanda ya shigo nan haka nake yi masa."

Dogo ya tsaya lissafi. In ya ƙi, dattijon zai tambayi dalili. In ya fita, zai koma gida da tsagar, ya sake turo babur a gaban idon jama'a. Ya lallaɓa zuciyarsa: tsoho ne, a lungun da yake nesa da kasuwa, me ya sani?

Ya sa makulli. Injin ya tashi da gurnani mai nauyi, ya bar shi a ƙasa-ƙasa.

"Ƙara."

Ya ɗan taɓa totur.

"Haba yallaɓai, ba jariri kake lallashi ba. Murɗa."

Dattijon ya cire tabarau, ya rufe ido. Dogo ya murɗa.

Fiton ya fito siriri, ya tsaga shagon, ya daɗe yana kaɗawa a cikin kwanon rufi.

Guduma ta yi shiru.

Dogo ya saki totur da sauri. "Ka ji ai. Iska ce take shiga ta..."

Dattijon ya miƙa hannu ya kashe injin, ya zare makullin ya sa a aljihu. Labule ya ɗaga, wani ƙaƙƙarfan mutum ya fito, hannuwansa baƙi ƙirin da man inji. Bai kalli Dogo ba.

"Shi ne, Yaya?"

"Shi ne. Kira 'yan sanda."

Mutumin ya wuce ya jawo ƙofar ƙarfe har ƙasa, ya jingina da ita, ya fito da waya.

"Baba, mene ne haka? Salansa na zo saya!"

Dattijon ya je kanta ya ɗauko kular, ya goge murfin da hannun riga, ya ajiye ta a kan kujerar babur.

"Shagon na ƙanena ne, yallaɓai, ni ko noti ban iya ɗaurewa ba. Tela ne ni a kwanar kasuwa, abincin rana matata take kawo mini a kular nan ranar da ka buge ta."