Tattasai Ba Nama

Mirsini na cikin yanke kawunan tattasai ta ji mukulli yana juyawa a ƙofa. Ba ta waiga ba. Mutum ɗaya ne ke shiga gidan nan ba ƙwanƙwasawa, shi kuwa yana kwance a makabartar bayan cocin gangare, da idonta ta ga an tura masa ƙasa.

Mijinta Ignatis ya shigo, ya ja kujerarsa ya zauna.

Laifinta ne, ta sani. Duk ƙauyen ba wanda bai san ba a ɗora nama a gidan makoki sai mamaci ya cika arba'in, saboda ransa yana nan yana kewaya gida. Ita kuwa ta ga ɗansu Stratis, yaro ɗan firamare, yana ta ramewa, zuciya ta ƙi daurewa. Ta niƙa nama a ɓoye, ta cusa masa cikin yemista, wato tattasai da tumatir da ake cika wa ciki da shinkafa a gasa. Tun daga ranar Ignatis ya ƙi kwanciya. Kullum da hantsi sai ya zo, kuma ba ya tafiya sai ya leƙa ɗakin yaron. Wannan leƙen shi ke kashe ta da tsoro.

Yau ta ƙudura za ta gyara ɓarnar. Shinkafa zalla, da albasa, da na'ana'a, da cikin tumatir da ta kankare, ta tuttula man zaitun ba ƙyashi. Irin yemistar da mata ke kira marayu. Rabin shinkafar a kan tebur take zubewa.

"Kin bar gas a kunne," in ji shi. Ya tashi ya kashe, ya tura taga.

"Ji mutum! Da kana da rai ko hanyar murhu ba ka sani ba, sai yanzu za ka koya mini girki?"

Bai rama ba. Ignatis da ba a gaya masa ɗaya bai mayar da goma ba! Ta saci kallonsa. Hancin nan ne, kafaɗun nan ne, sai dai furfura ta cinye masa kai, alhali da baƙin gashi aka binne shi. Ashe kabari ma yana tsofar da mutum. Ta yi alamar gicciye, ta mayar wa kowane tattasai hularsa, ta jera su a tire, da yankan dankali a tsakaninsu.

"Wa ake wa wannan uban girki?" ya tambaya a hankali.

"Kai. Duba da kyau, ko ƙwayar nama babu. Ka ci ka koma makwancinka, don Allah."

Ya zare wuƙar daga hannunta, ya saka a aljihun tebur. Sannan idonsa ya tafi kan ƙofar ɗakin yaron.

Mirsini ba ta san lokacin da ta isa ƙofar ba. Ta baza hannuwa ta tare ta.

"Wayyo ni, Budurwa Maryamu! Ni na ɗora naman, Ignatis, shi bai san komai ba. Yunwa yake ji, yaro ne. In ɗauka ka zo yi, ga ni. Ka bar mini Stratis. Shi kaɗai ka bar mini a duniya."

Ya daɗe yana kallonta, idanunsa sun kaɗa sun yi ja.

"Na bar miki shi."

"Rantse."

"Na rantse. Ba abin da zai same shi."

Ta zame ta zauna a ƙasa tana kukan daɗi. Ya ɗaga ta cak, ya ɗora a kujera, ya saka tiren a tanda da kansa, ya fita tsakar gida.

Ta taga ta hango wata mata da ba ta sani ba tsaye ƙarƙashin kuringar inabi tana jiransa. Iska ta kawo mata maganarsu, sai dai ba ta gane mata kai ba.

"Yaya, Stratis? Ta gane ka yau?"

Ya goge fuska da hannun riga. "Ina fa. Yau ma Baba ta ɗauke ni. Ta roƙe ni in bar mata ɗanta, na rantse mata na bar shi."