Taimama a Filin Rusau

Tun da aka kafa Dokar Ƙura, ƙofar filin rusau ke shinshinar leburori kafin su fita. Idan ta ji ƙurar asbestos mai cin huhu a jikin mutum ɗaya, sai ta kulle duk wanda ke ciki, sai ranar da likitoci suka ga dama.

Ranar rushe tsohuwar makaranta, ruwa ya ƙare wajen jiƙa silin ɗin asbestos don kada ƙura ta tashi. Da azahar Baba Tanimu, wani tsohon lebura, ya rasa na alwala. Ya cire takunkumi, ya buga tafukansa a ƙasa kusa da fasasshen silin, ya yi taimama.

Barau, shugaban leburori, ya tokare shi a ƙirji.

"Baba, matata na naƙuda, za ka sa a kulle ni?"

"Ɗana, salla zan yi."

Leburori suka danne shi, suka yage rigarsa. Barau ya aske masa gemu da wuƙa, ya dirje fuskarsa da tafukansa da buroshin ƙarfe har jini ya wanke farar ƙurar.

Da yamma ƙofa ta shinshini Baba Tanimu, ta buɗe, ya fita yana ɗingishi. Barau ya matso, ta shinshini hannuwansa, ta kulle.