Rijiyar Kasuwa

Zauna, Tanimu, ka bar yawo a tsakar gida kana ɗaga mini murya. Karo na uku ke nan kana zuwa da maganar nan, wai in sa baki 'yarka Suwaiba ta fasa. Mene ne laifinta? Yarinya ta gama digirinta, ta ce na biyun a kan ruwan ƙarƙashin ƙasa za ta yi shi, a jami'ar nan tamu da ta haɗa gwiwa da wata ta ƙasar waje, malaman can su zo, na nan su zauna da su. Kai kuwa ka kafe sai ta hau jirgi, don 'yar maƙwabcinka ta hau. Na gaji da yi maka bayani. Shekara talatin ina koyarwa, ban taɓa samun ɗalibi mai taurin kai irin ƙanena ba. Bari in ba ka misali, in bai shige ka ba, shi ke nan.

An yi wani gari a kan jigawa, yashi ne zalla, duk rijiyar da aka haƙa ba ta wuce damina biyu sai ta rufta. Magidanta biyu ne ke sana'ar haƙa a garin. Ɗaya ya ce ya gaji da wahalar banza, ya tafi wata ƙasa mai nisa da aka san ta da gwanayen rijiya. Kuma gaskiya ya koyo aiki. Sai dai ƙasar can marmara ce da dutse, a haƙa har a tarar da ruwa bango na tsaye ƙyam, sannan a ɗaure daga ƙasa zuwa sama. Ɗayan bai samu tafiya ba, yana da tsohuwa da gona. Ana nan sai ga wani gwani daga waccan ƙasar ya sauka a garin. Ya haƙa tasa shi kaɗai, a zurfin gaba biyar ta rufta, da ƙyar ya tsira da digarsa. Da yake mai hankali ne, sai ya nemi wani tsoho da ya ƙare rayuwarsa a ramukan garin, ya durƙusa ya gaishe shi. Tsohon ya san inda ruwan daɗi yake da inda zartsi yake, yana murza ƙasa a tafin hannu ya faɗa maka a gaba nawa yashi zai fara gudu, amma bai san yadda ake tare shi ba. Baƙon ya san zuba zoben siminti, bai san ƙasar ba. Suka yi ta gardama, suka ɓata rami biyu, har suka gano a ajiye zoben a sama, a riƙa haƙa a ƙarƙashinsa yana nutsewa da nauyinsa, a ɗora wani a kai. Wa ke cikin ramin duk wannan lokaci? Magidancin nan da bai je ko'ina ba. Tsoho na faɗa masa daga dama, baƙo na faɗa masa daga hagu, yashi na zubo masa a wuya. Shekara uku haka, sannan baƙo ya koma gida, idon tsoho kuma ya mutu.

Da matafiyin ya dawo da kayan aiki masu ƙyalli, gari ya fita tarbarsa. Aka tashi haƙa rijiyar kasuwa, aka ba matafiyin aikin, ba wanda ya ko waiwayi wanda ya zauna, alhali rijiyoyinsa uku suna tsaye mata na jan ruwa a ciki. Ya je ya sami matafiyin ya ce, "Ɗan'uwa, nan wurin zartsi ne, kuma a gaba bakwai yashi zai taso maka. Sa zobe tun yanzu." Mutanen da ke wurin suka kwashe da dariya, wani ya ce wanda bai taɓa ƙetare kogi ba shi zai koya wa gwani aiki. Abin da ke ba ni haushi ke nan, Tanimu, da ruwan rijiyar wanda suke wa dariyar suka yi alwala da safen ranar! A gaba bakwai cif, da hantsi, bango ya saki. Yashi ya binne matafiyin har ƙirji, yana kiran sunan Allah, masu dariyar nan sun yi cirko-cirko a bakin rami ba mai iya sauka. Wanda suka raina ne ya sa aka gangaro da zobbansa biyu, aka zura su a kan mutumin, ya ɗaura igiya a ƙugu ya shiga, yana kwasar yashi da ƙwarya ana ja, har la'asar. An fito da shi da rai, amma ƙafar hagu ba ta sake daidaita ba. Da ya warke, shi da kansa ya ɗingisa ya je wurin wanda ya cece shi ya ce a koya masa. Rijiyar kasuwa kuwa can gefen wani suri aka haƙa ta, inda tsoho ya taɓa nunawa da sandarsa.

Ban ce tafiya laifi ba ce, kada ka je ka ce na faɗa. Amma ƙasar da Suwaiba za ta yi wa aiki ita ce wannan da muke takawa, kuma ta sami wurin da masu ilimin can za su tarar da ita a kanta. Tashi ka je ka sa mata albarka. Hausawa suka ce, da ɗan gari akan ci gari.